Gidan rainon da nake kai yarana in ina dutin dare: abin da ya min da abin da bai min ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka ji ina kai yarana gidan rainon nan da ke karɓar yara har da kwana, nas-nas suke ta tare ni da tambaya, ya wajen yake, nawa ake biya, wai da gaske mutum zai iya barin jaririya ta kwana a hannun wasu kuma ya yi aiki hankalinsa kwance, to amsawa a tsaitsaye a bakin wod, wato ɗakin kwantar da majinyata, kowa tana sauri ba ya isa, shi ya sa nace bari in zauna in rubuta duka. Ba zan kama sunan wajen ba saboda zan faɗi abubuwan da basu min daɗi ba, kuma matar da ke da shi mutuniyar kirki ce, bana so a ɗauki maganata a je ana mata gori da ita. A cikin Kano yake, gidan zama ne aka ware ɓangare ɗaya, da ƙafa ma kina iya takawa daga get ɗin asibitin da nake aiki. Mai wajen tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, duk Mama muke ce mata, ita kuma kowa a cikinmu Sista ce a bakinta ko da kin yi jika da ita.

Yarana biyu ne, namiji da ya haura shekara 3 da mace da ake shayarwa lokacin da na fara kai su. Maigida ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari kuma yana yawan tafiya sarin kaya, saboda haka maganar a bar masa yara da daddare ba kullum take yiwuwa ba.

Wanda ba ya aikin asibiti ba zai gane me ya sa gidajen rainon da ke cike da gari basa mana amfani ba. Su suna buɗewa da safe su tashi da la'asar, Asabar da Lahadi a rufe, daidai da ma'aikaciyar banki ko malamar makaranta. Mu kuwa a wajenmu duti uku ne, monin daga ƙarfe 8 zuwa 2, aftanun daga 2 zuwa dare, sai nait da za ki shiga da daddare ba ki fita ba sai 8 na safe, kuma 8 ɗin a takarda ne, don sai wadda za ta karɓe ki ta iso, ku zaga gado-gado ki nuna mata wanda ke kan ƙarin ruwa da wanda ya kwana da zazzaɓi da wanda likita ya canza wa magani, ki ƙarasa ripot, a ƙirga magungunan da ke kulle a sa hannu. Rosta kuma, wato jadawalin duti, tana fitowa ƙarshen wata amma ba ta tsayawa yadda ta fito, wata ta yi rashin lafiya, wata ta haihu, wata an mata rasuwa, sai kawai metiron, wato shugabar nas-nas, ta kira ki tace gobe ke ce nait. Asibiti bai san Juma'a ba bai san Lahadi ba.

Kafin nan abin da yawancinmu ke yi guda uku ne kuma duk na san su. Ko a ɗauko yarinya daga ƙauye, wadda ita kanta yarinya ce da ya kamata ace tana aji, ki bar mata jaririya da risho da ƙofa a kulle har gari ya waye, ni dai zuciyata ta kasa. Ko ki kai su gidan iyaye, to mahaifiyata a can ƙarshen gari take, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa sau biyu a rana ya zama wani albashin daban, ga shi tun 2022 aka kafa dokar hana adaidaita yawo daga 10 na dare zuwa 6 na safe, in kin tashi aftanun a makare kin biya ɗaukar yara to Allah ne kawai zai kai ki gida, bayan haka ita ma tsohuwa ce mai hawan jini, tashin dare da jaririya ba nata bane yanzu. Na ukun shine ki goya ki tafi da ita wod ki shimfiɗar da ita a ɗakin nas-nas, kowa ya san ana yi kuma kowa ya san bai dace ba, iskar da mai tarin fuka ke tari a cikinta ita jaririyar wata 4 za ta shaƙa har safiya.

To abu na farko da ya ja ni wajen Mama shine lissafinta da rosta take yi ba da kalanda ba. Farkon wata ki ɗauki hoton rostarki ki tura mata a WhatsApp, ta ƙirga kwana nawa za su yi, yini nawa, ta faɗa miki kuɗinki, ranakun of ɗinki, wato na hutu, ba a caje ki. In an canza miki duti ki kira ta kafin azahar ta gyara, ba faɗa ba ƙorafi, abin da kawai take cewa shine to Sista Allah ya ba da lada, a kawo su. Wannan kaɗai ya rage min wani irin tashin hankali da nake shiga duk sanda na ga kiran metiron a wayata.

Amma abin da ya fi komai a wajen nan, wanda saboda shi ne nake biya ko da kuɗin na min nauyi, ba kwanan bane. Safiyar bayan nait ce. In yaranki sun kwana a wajen, Mama ba ta yarda ki ɗauke su da safe, cikin kuɗin kwanan har zuwa azahar ne. Kina iya biyowa ki shayar, ki gan su, ki rungume su, sai tace maza wuce gida ki kwanta, sai ƙarfe 1 ko 2 ki dawo. Da farko na ɗan ji wani iri, yara sun kwana ba uwa kuma a ƙara musu rabin yini, nace Mama ai gara in tafi da su, tace Sista na yi wannan aikin kafin a haife ki, matar da ta kwana a tsaye in ta koma gida da yara biyu ba uwa ce ta koma musu ba, jiki ne kawai.

Kuma gaskiyarta ne. Duk wadda ta yi nait ta san abin da ke faruwa bayan an tashi. Kin kwana kina zirga-zirga, allurar ƙarfe 10, ta ƙarfe 2, ta ƙarfe 6, auna hawan jini, canza ledar ruwa, mai jinya ta buga ƙofa tace Sista numfashinta ya canza, wani daren a rufe wa mutum ido a gabanki ki koma gado na gaba ki yi murmushi, ki fito da safe rana ta dake ki a ido kanki kamar an ɗora dutse. Ki isa gida yaro na jiranki da kuka, wanki na jira, abincin rana na jira, in kin yi sa'a ki runtsa minti kaɗan a zaune kina shayarwa, kafin ki ankara magariba ta yi kin fara shirin komawa, saboda nait ba dare ɗaya ake yi ba a jere suke zuwa. Zuwa dare na uku za ki riƙe takardar magani ki karanta layi ɗaya sau da yawa kafin ya shiga kanki, kuma wannan ba ƙaramin abu bane, kuskuren allura a jikin mutum ake yinsa. A gida kuma abu kaɗan yaro zai yi ki daka masa tsawa, maigida ya yi magana ki mayar masa da zafi, daga baya ki zauna kina jin haushin kanki alhali ba halinki bane, rashin barci ne. Mu da muke gaya wa majinyata su samu hutu mu ne muka fi kowa rashinsa.

Yanzu in na tashi nait ina biyawa in shayar, in isa gida in yi wanka in ci abin da ya samu in kashe waya in ja labule in yi barci na gaske, na awa 4 ko fiye ba wanda ya taɓa ni. In na je ɗaukarsu da azahar ina da ƙarfin da zan zauna a tabarma in ji surutun yarona, in dafa abincin dare da kaina, in yi sallolina a kan lokaci ba a haɗe ba. Wallahi har a wajen aiki an ga bambanci, wata abokiyar aikina ce ta fara ce min kwanan nan fuskarki ta saki. Duk wadda za ta nemi gidan raino a ko'ina ne, ta fara tambayar wannan kafin ta tambayi kalar fenti da kayan wasa: in na tashi nait ƙarfe nawa dole in ɗauke su?

Maganar makara ma sun san aikin. In wadda za ta karɓe ki ba ta zo da wuri ba, ko an kawo emajansi dab da tashi, ba a fara ƙirga miki minti, sai kin wuce awa guda sannan akwai ɗan ƙarin da za ki biya kuma shi ma in kin kira kin faɗa sau da yawa a yafe yake.

Sai nono. Wannan ya dame ni sosai kafin in koma aiki domin mu ne muke tsayawa gaban mata a awo muna cewa nono zalla har wata 6, ko ruwa kar a ba, amma hutun haihuwar da yawancinmu ke samu bai kai nan ba. Ma'aikatan tarayya sati 16 ne, dokar ƙwadago sati 12 ta ce, masu asibitin kuɗi kuwa wasu ko hakan basa samu. Kaduna tun 2019 ta mayar da na ma'aikatanta wata 6, ni dai ina ganin duk jihar da ke buga fastar shayarwa ya kamata ta fara daga nan. Dokar ƙwadago ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a lokacin aiki, to ki gaya min nas ɗaya tilo a wod da daddare wa za ta bar wa majinyata ta fita. Abin da ya rage shine tatsa. A wajen Mama akwai ƙaramin firij da ke kan sola, na nono ne kawai da magani, ba a sa zoɓo ba a sa miya. Ko wace roba da sunan yaro da ranar da lokacin da aka tatsa a rubuce a jikin filasta, irin dai yadda muke yi wa samfurin jini. Ƙa'idar da muka sani suke bi, awa 4 a waje, kwana 4 a firij, kuma lokacin zafi ko awa 4 ɗin basa bari ya kai. Ba sa ɗora shi a wuta, cikin ruwan ɗumi suke tsoma robar, kuma da ƙaramin kofi suke ba jarirai ba da fida ba, wanda ya taimaka min domin 'yata ba ta taɓa ƙin kama nono ba bayan na dawo. Wannan ɓangaren ban da abin cewa sai godiya.

Ranar rajista sai da aka karɓi katin rigakafin yaran aka duba shi shafi-shafi, kuma na ji da kunnena an mayar da wata saboda ɗanta bai cika allurai ba, aka ce ta je ta cike ta dawo. Wanda ya ga abin da mashaƙo ya yi a Kano a 2023, yadda aka riƙa kawo yara wuya a kumbure numfashi na gagara, yawancinsu kuma ba a musu rigakafi ba, ba zai ce an tsananta ba. Kowane yaro da katifarsa da gidan sauronsa, zanin gado kuma ke za ki kawo naki ki riƙa tafiya da shi wanki. Da daddare mata biyu ne ke kwana da su, ɗaya ta kwanta ɗaya ta zauna su yi canji tsakar dare, Mama kuma ɗakinta na jikin nasu. Na taɓa samun sarari wani dare da wod ya yi shiru muna mu biyu, na roƙi abokiyar aikina na taka da maigadi ya raka ni, na same su yadda aka faɗa, ɗaya a zaune da fitila tana jijjiga wani jariri. Kamara dai babu, wasu na ƙorafi a kan haka, ni bai dame ni ba don ko akwai ba ni da lokacin kallon waya a duti. Ba a ba kowa yaro sai wanda kika rubuta sunansa kika kawo shi suka gan shi, maigida ma a zaure yake tsayawa a miƙo masa su.

To yanzu abubuwan da basu min ba, kuma suna da ɗan yawa.

Zafi. Solar gidan ƙarama ce, firij da fitilu take ɗauka da kyau, fankoki kuwa in ba a kawo wuta ba zuwa tsakar dare batir ya yi ƙasa sai a kashe su don a tsira da firij. A watan Maris da Afrilu da Mayu da zafin Kano ke haura digiri 40 da rana kuma ɗaki ya riƙe shi har asuba, yara da yawa a ɗaki ɗaya kowa cikin gidan sauro, abin ba daɗi. 'Yata ta yi ƙurajen zafi a wuya da baya har sai da na sayi fanka mai caji na riƙa haɗawa da kayanta, yanzu kusan kowace uwa da tata fankar take zuwa. Na yi wa Mama magana tace tana tara kuɗin ƙarin batir, na yarda da ita, amma wajen da ake biyan kuɗi don yara su kwana ya kamata ace wannan an gama shi kafin a buɗe.

Abincin manyan yara ma bai gamsar da ni ba. Da safe kunu ne ko shayi da burodi, wannan ba laifi, amma taliyar leda ta yi yawa, wani satin kusan kullum, sai lemon kwali mai zaƙi da biskit da yamma. A gidan tsohuwar nas na zaci zan ga faten wake, dankali, ɗan ƙwai, alayyafo, kunun gyaɗa, abubuwan da ba su fi taliyar tsada sosai ba. Na gane masu aikin ne ke zaɓar abin da ya fi saurin dahuwa kuma yara basa ƙi. Yanzu ina zubo wa yarona nasa a kula, wanda ya mayar min da wani aikin da na so in huta da shi. Haka talabijin, in akwai wuta katun ne tun safe har azahar, yarona ya dawo da waƙoƙin da ban san inda ya samo su ba amma ba wanda ya zauna ya biya masa ko Fatiha ko ɗaya biyu uku. Ban ce su zama makaranta ba, amma rabin awa na karatu ko wasa a tsakar gida ba zai gagara ba.

Masu rainon kuma basa daɗewa. 'Yan mata ne yawanci da zawarawa, albashin ba yawa, kwanan zaune ba sauƙi, da sun samu wani abu ko aure ya zo sai su tafi. Akwai wata da 'yata ta saba da ita sosai har in ta gan ta take miƙa hannu, rana ɗaya na je aka ce ta bar aiki, sai da yarinyar ta yi kwanaki tana kuka in zan miƙa ta. Ba na ganin laifin wadda ta tafi, mu ma nan haka muke rasa abokan aiki, amma yaro ƙarami bai san wannan ba.

Sai dokar zazzaɓi. In jikin yaro da zafi, ko gudawa, ko ƙuraje, ko ido ya yi ja, ba za a karɓe shi ba, da tamomita ake tarar ku a ƙofa. A matsayina na nas na san daidai ne, in da ɗan wata ne ma haka zan so a yi. Amma a matsayina na uwa da ke da nait ƙarfe 8 kuma jikin yaro ya yi zafi da la'asar, wannan ita ce ranar da na fi buƙatar taimako kuma ita ce ranar da babu. Sai ki hau kiran waya kina neman wadda za ta yi canji da ke, ki ci bashin dare ki biya daga baya. Akwai wani ɗan ɗaki a gidan da ake ajiye tarkace, na ba Mama shawara a gyara shi don irin wannan ko da da ƙarin kuɗi ne, tace sai ta samu mai kwana da su daban don ba za ta haɗa hannu ɗaya da masu lafiya ba. Hujjarta mai ƙarfi ce, matsalar dai tana nan.

Wanda ya fi ɓata min rai shine Sallah. Suna rufewa ranar Sallah da washegari da wanda ke bi, ƙarama da babba, saboda masu aikin duk suna tafiya gida. To asibiti ba ya rufewa, hasali ma lokacin ne ake kawo waɗanda suka yi haɗari da yaran da suka ci abin da ya ɓata musu ciki, kuma rostar Sallah wadda ta faɗa kanta ta faɗa. Wajen da aka buɗe musamman don ma'aikatan asibiti bai kamata ya rufe a ranakun da ya san ba ma samun hutu ba, ko mutum ɗaya a bari a ninka mata kuɗin ranar mu iyaye za mu haɗa. Azumi kuwa sun kyauta, suna karɓar yara da wuri kafin shan ruwa don mai nait ta samu ta sha ruwa a nutse kafin ta fita.

Kuɗi. Ba zan sa adadi ba don yana canzawa da yawan kwanakinki da shekarun yaro, kuma an ƙara tun bayan da na fara, amma ni da yara biyu a watan da nait ya yi min yawa yana cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na albashina, ban da famfas da abincin da nake kaiwa. Tiransifa ake yi farkon wata, in albashi ya makara tana jira ba ta taɓa mayar min da yara a kan haka ba. In aka duba mata biyu da ke kwana a zaune, ga abinci ga ruwa ga sabulu, ba zan ce ta tsawwala ba. Inda abin yake ciwo shine alawus ɗin dutin da ake ba mu ko kusa bai biyan wannan, ma'ana daga aljihunki kike biya don ki samu damar yin nait. Yana cikin abin da ya sa ƙungiyarmu ta nas-nas da ungozoma ta ƙasa, NANNM, ta shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025 a asibitocin tarayya, maganar alawus ɗin duti da na yunifom da ɗaukar ƙarin ma'aikata, aka janye bayan 'yan kwanaki da aka zauna da gwamnati. Ƙaramar nas da ta fara aiki yanzu ko wadda ke asibitin kuɗi, gaskiya da wuya ta iya wajen nan da yara biyu.

Kuma yawan nait ɗin ma daga ƙarancin hannu ne. A Fabrairun 2024 magatakardan hukumar nas-nas da ungozoma ta ƙasa, Faruk Abubakar, ya ce sama da nas 42,000 ne suka bar Najeriya cikin shekara 3, sama da 15,000 a 2023 kaɗai. Mu ba a jarida muka gani ba, a rosta muka gani, sunan da ke nan wancan watan yanzu babu, wannan ta tafi Saudiyya wancan ya tafi Ingila, ba a kawo madadinsu ba sai a raba kwanakinsu a kanmu. Ba na zargin kowa da ya tafi. Abin da nake cewa shine wadda ta zauna tana riƙe da wod, mafi ƙarancin abin da za a mata shine ɗaki biyu a cikin harabar asibiti da masu raino da wutar da ba ta ɗaukewa, inda za ta leƙa ta shayar ta dawo cikin minti 15. Yawancin nas-nas mata ne masu shekarun haihuwa, wannan ba sabon labari bane ga duk wanda ke tsara aikin. Abin da Mama ke yi da kuɗin ritayarta a gefen gidanta aikin hukumomin asibiti ne.

Ta ɓangaren gida ma sai da aka sha magana kafin a yarda. Maigida da farko cewa ya yi ina aka taɓa kai yara kwana gidan da ba dangi ba, me mutane za su ce, Hajiyarsa kuma tace a kawo mata su, alhali ita ma ƙafa ke damunta kuma gidan cike yake da jikoki. Ban ja da su ba, na roƙe shi ya je ya gani da idonsa, ya je suka gaisa da Mama a zaure ta masa bayani kamar ɗanta, ta ce masa Alhaji matarka rayukan mutane ne a hannunta da daddare, in hankalinta na gida to majinyaci ne zai biya. Ya dawo bai ce komai ba sai washegari ya ce a gwada wata ɗaya. Yanzu in yana gari shi yake ɗauko su wani lokacin a kan hanyarsa, daren da yake nan kuma babban a gida yake kwana tare da shi ƙaramar kawai nake kaiwa. Na koma islamiyyar da na daina zuwa ranakun of, ina samun zuwa gaida mahaifiyata in zauna mu yi hira ba wai in ajiye mata yara in juya ba, biki da suna ma da aka daina sa ran ganina yanzu ina leƙawa.

In za ki je, ki je da wuri tun kina da ciki ko kina hutun haihuwa ki sa suna, don yaran da take ɗauka na kwana ba su da yawa kuma akwai masu jira, ba ta ƙara ko ɗaya a kan adadin katifunta duk roƙon da za ki yi. Ki tanadi zanin gado biyu, fanka mai caji, robobin nono masu murfi, kofin yaro da sunansa, da katin rigakafi na asali ba hoto ba. Ki kuma tanadi wata 'yar uwa ko maƙwabciya da kuka yi magana tun yanzu saboda ranar zazzaɓi da ranar Sallah.

Akwai kuma iyakar shekaru, daga wata 3 zuwa shekara 4 take karɓa, da yaro ya cika 4 shikenan saboda ba ta son haɗa manya da jarirai a ɗaki ɗaya da daddare. Nawa saura 'yan watanni ya cika, kuma yaron shekara 4 ba a barinsa shi kaɗai a gida wai don ya shiga nazare. Mu iyaye da yaranmu ke dab da wannan shekarun mun haɗu mun same ta a kan ko za ta buɗe ɗakin manya na kwana kawai, a kawo su bayan isha a ɗauke su da safe zuwa makaranta, tace bari ta gama da batir tukunna sannan ta yi magana da 'ya'yanta a kan ɗakin da ke zaure, ta ce mu sake tuntuɓarta bayan babbar Sallah.